Kofi goma a jere: Ballygunner ce ta fi ƙarfin gasar Waterford, ko tsarin gasar ne ya gaza?

Baban Khalifa, Waterford:

Assalamu alaikum jama'a. Tun da kakar wasan harlin ta kulob-kulob ta 2023 ta ƙare baki ɗaya, ina so in buɗe magana a kan gasar gundumarmu ta Waterford, domin na san a zauren nan akwai iyayen da 'ya'yansu suka shiga wasan kamar yadda nawa ya shiga. Ga 'yan'uwa da ke gida, harlin wasa ne na mutanen Ailan da ake yi da sanda mai faffaɗan kai da 'yar ƙaramar ƙwallon fata mai tauri, mutum 15 a kowane ɓangare. Wanda ya zura ƙwallo a raga ya sami maki 3, wanda ya tsallakar da ita ta saman raga tsakanin dogayen turaku biyu ya sami maki 1, shi ya sa ake rubuta sakamako gida biyu, ƙwallayen raga a gaba, makin sama a baya.

Ranar 10 ga Satumba, 2023, a filin Walsh Park, kulob ɗin Ballygunner ta doke kulob ɗin De La Salle da ci 2-26 da 0-21, wato maki 32 da 21, ta ɗauki kofin gunduma karo na goma a jere. Erin's Own ta taɓa yin tara a jere daga 1927 zuwa 1935, Mount Sion ma ta yi tara daga 1953 zuwa 1961, amma babu wanda ya taɓa kai goma. Rabon da wani kulob dabam ya ɗaga kofin nan tun 2013, shekarar da Passage ta ƙwace wasan ƙarshe daga hannun Ballygunner a mintunan ƙarshe. Yaron da aka haifa a wannan shekarar ya kusa gama firamare bai taɓa ganin kofin a hannun kowa ba sai masu jar riga da baƙi. Abin da nake gani shi ne, gasar da kowa ya san mai cinye ta tun kafin alƙali ya jefa ƙwallon farko tana cikin haɗari, ko da kuwa mai cinyewar ya cancanta, kuma ina so in ji ko akwai wanda yake ganin mafita.

Malam Habu, Kano:

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Ni a talabijin da intanet kawai nake ganin wasan nan, amma batun da ka kawo ba baƙo ba ne a wurinmu. Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, daga nan kuma wasu suka karɓa, domin a ƙwallon ƙafa 'yan wasa suna sauya sheƙa, wanda ya fi kuɗi ya ɗauke gwanayen wani, ƙarfi ya koma wani gari. Me ya hana sauran kulob-kulob na Waterford su haɗa kuɗi su sayo 'yan wasa daga Kilkenny ko Tipperary, tun da maƙwabta ne kuma an ce can ne matattarar gwanaye? Ko kuwa Ballygunner ɗin ce ta riga kowa sayen su?

Baban Khalifa, Waterford:

Malam Habu, a nan ne wasan nan ya sha bamban da ƙwallon ƙafa. Ƙungiyar GAA, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884 kuma take kula da harlin da ƙwallon ƙafa irin ta gargajiyar Ailan, ba ta yarda a biya ɗan wasa albashi ba, har waɗanda ke bugawa a gaban mutum dubu 82 a Croke Park. Malamin makaranta ne, ko manomi, ko ma'aikacin banki, ya tashi daga aiki ya ɗauki sandarsa ya tafi atisaye. Babu saye, babu sayarwa. A yawancin gundumomi mutum yana bugawa ne ga kulob na yankin da aka haife shi ko yake zaune, galibi iyakar da coci ɗaya ke kula da ita, kuma ko sauyin kulob zai yi sai hukumar gunduma ta duba dalilinsa ta amince. A cikin birane ƙa'idar ta fi sauƙi, amma duk da haka barin kulob ɗin da ya rene ka abu ne da mutane ba sa mantawa da shi.

Don haka Ballygunner ba ta sayi kowa ba. Wani malamin makaranta, Jimmy McGinn, shi ya kafa ta a 1954 a lokacin da wurin ƙauye ne a bayan gari. 'Yan gidan Mahony huɗu, Philip da Pauric da Mikey da Kevin, wa da ƙanne ne, mai horar da su a 2023, Darragh O'Sullivan, kuwa kawunsu ne. Ko Dessie Hutchinson, wanda ya je Ingila ya yi zama a Brighton yana neman zama ƙwararren ɗan ƙwallon ƙafa, da ya dawo gida kulob ɗin yarintarsa ya koma. Wannan ne ma ya sa matsalar ta fi wuyar warwarewa, domin babu kasuwar da za ta daidaita ƙarfi.

Maman Yusra, Dungarvan:

Baban Khalifa, ka faɗi gaskiya amma ka tsallake babban dalili, kuma mu da muke yammacin gundumar shi muke gani kullum. Ballygunner ta 1954 ba ita ce ta yau ba. Birnin Waterford ya faɗaɗa ta wajen hanyar Dunmore, gonaki sun zama rukunin gidaje, matasa masu ƙananan yara sun cika unguwannin, kuma duk yaran nan ƙofar kulob ɗaya suke ƙwanƙwasawa. A ƙauyukan yamma kuwa labarin ya juya, saurayi yana gama sakandare sai Cork ko Dublin, wani sai Ostiraliya, ba ya dawowa sai hutun Kirsimeti.

Na raka ɗana wani wasa na 'yan ƙasa da shekara 14 a wani ƙauye da ba zan ambata ba. Da aka ƙirga yaran masu masaukin baƙi ba su cika ba, sai da aka kira wasu ƙanana biyu daga bakin fili aka ɗaura musu hular kwano, ɗaya daga cikinsu rigar har gwiwa ta kai masa, sannan masu horarwa suka yarda a buga mutum 13 a kowane ɓangare. Yaran sun yi iyakar ƙoƙarinsu, iyayensu mata suna tsaye cikin yayyafi suna kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Kulob irin wannan, da sai ya haɗa kai da maƙwabcinsa kafin ya fitar da ƙungiyar yara, shi ake so bayan shekara takwas ya tsaya gaban kulob ɗin da yake zaɓa daga yara masu yawan gaske a kowane aji.

Ga kuma wani nauyin. Da yawa daga kulob-kulob na yamma wasa biyu suke yi da mutane ɗaya. 'Yan Fourmilewater a harlin su ne 'yan Nire a ƙwallon gargajiya, haka 'yan Abbeyside su ne 'yan Ballinacourty. Rabin lokacin atisayensu yana tafiya ga wasan da babu sanda a cikinsa, alhali manyan 'yan Ballygunner harlin suka sa a gaba shekara ta zagayo. Ban ce sun yi laifi ba, amma kada a ce mini ƙwazo kaɗai ne ya raba su da sauran.

Injiniya Nura, Kilkenny:

Maman Yusra, da yawan jama'a ne ke ba da kofi, da a nan Kilkenny kulob-kulob uku na cikin birni, James Stephens da Dicksboro da O'Loughlin Gaels, su ne za su riƙa karɓa-karɓa. Amma wadda ta riƙe kofin gunduma sau biyar a jere daga 2018 zuwa 2022 ita ce Ballyhale Shamrocks, kulob na 'yan ƙauyuka da aka kafa a 1972, kuma ta fi kowa yawan kofin kulob-kulob na ƙasa baki ɗaya, guda 9. Daga can shahararrun 'yan harlin Henry Shefflin da TJ Reid suka fito. A Galway ma St Thomas', wadda ta ɗauki kofin gunduma sau shida a jere daga 2018 zuwa 2023, kulob ne na karkara, kuma lokacin da ta ci kofin ƙasa a 2013 'yan gidan Burke shida ne a cikin tawagar, mahaifinsu ne mai horarwa. Ƙaramin wuri yana iya mamaye gunduma idan ya dace da zuri'a ɗaya mai kyau kuma ya riƙe ta.

Abin da na gani da idona a nan shi ne, yaro yana tafiya makaranta da jaka a baya da sanda a hannu. Bayan an tashi za ka same shi gaban bango shi kaɗai, ya buga ta dama ya cafe, ya buga ta hagu ya cafe, har magariba ta yi, bakin sandar duk ya cinye an naɗe shi da tef. A harlin ba a ɗaukar ƙwallo daga ƙasa da hannu, sai an ɗago ta da sanda, kuma ba a wuce taku huɗu da ita a hannu, don haka wanda hannunsa bai saba tun yana ƙarami ba, ba zai koya yana da shekara ashirin ba komai ƙarfinsa. Ballygunner ta yi shekara 24, daga 1968 zuwa 1992, ba ta ga kofin gunduma ba. Ba gidajen da aka gina ne suka koya wa yara cafe ƙwallo ba, mutane ne suka fito da safiyar Asabar shekara da shekaru suna koyarwa kyauta. Ku dubi yadda mai tsaron ragarsu Stephen O'Keeffe yake ba da gajeren bugu ga ɗan baya, a riƙa miƙa ƙwallo sanda zuwa hannu har a ƙetare fili ba ta taɓa ƙasa ba. Wannan aikin shekaru ne.

Kuma mulki yana ƙarewa. A watan Oktoban 2023 O'Loughlin Gaels ta doke Ballyhale da maki ɗaya a wasan ƙarshe, babu wanda ya sauya doka kafin hakan ta faru.

Maman Yusra, Dungarvan:

Injiniya, misalanka biyu suna goyon bayana ne ba kai ba. Ballyhale da St Thomas' zuri'a ɗaya suka dace da ita, idan ta tsufa sai su jira wata, shi ya sa biyar da shida ne iyakarsu zuwa yanzu, kuma a hanya sun sha tsallake rijiya da baya. Ballygunner ba ta jira, kafin wani ya ajiye sanda an riga an sami wanda zai maye gurbinsa. Ƙwazo da yawa ne suka haɗu a wuri ɗaya, kuma tazarar maki 11 a wasan ƙarshe ba irin ta Kilkenny ba ce.

Malam Habu, Kano:

Na fahimci batun saye yanzu, na gode. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai a maganar Baban Khalifa ta farko. An yi wasan ƙarshe a farkon Satumba, Injiniya kuma ya ce na Kilkenny sai Oktoba. Shin kowace gunduma ce ke tsara kakarta, kuma wasa nawa kulob yake bugawa kafin ya kai ƙarshe?

Alhaji Garba, Cork:

Malam Habu, tambayarka ce ta kai mu inda ya kamata a tsaya. Tun 2022 GAA ta raba shekara gida biyu. Rabin farko na ƙungiyoyin gundumomi ne, ana gamawa a watan Yuli, kamar yadda Limerick ta doke Kilkenny a wasan ƙarshe na ƙasa ranar 23 ga Yuli, 2023. A da sai Satumba ake wannan wasan, kulob-kulob su yi ta jiran gwanayensu ba su san ranar da za su buga ba. Yanzu rabin na biyu nasu ne, kowace hukumar gunduma kuma ita ke tsara yadda za ta yi da shi. Waterford ta zaɓi ta fara gama harlin gaba ɗaya, mako bayan mako ba hutu, sannan ta shiga ƙwallon gargajiya. A 2023 kulob 12 ne a babban rukuni, an kasa su gida huɗu, uku-uku, daga nan sai wasannin sili-ɗaya-ƙwale, mai minti 60 kowanne, wanda ya zo ƙarshen kowa kuma ya faɗa ƙaramin rukuni. Ma'ana, kulob na iya yin atisaye tun lokacin sanyi, ya buga wasan gasa uku ko huɗu, kafin Agusta ta ƙare ya rataye sanduna sai baɗi.

Mu a Cork akwai wata dabara da ƙanina Baban Khalifa zai iya dubawa tun da mafita yake nema. Ana barin ƙananan kulob-kulob na shiyya ɗaya, waɗanda ba su kai babban rukuni ba, su tattara gwanayensu su fito da ƙungiya guda ta shiga babbar gasa. Imokilly ta gabashin Cork irin wannan ce, ta kuma ɗauki kofi a 2017 da 2018 da 2019. Ba a barin ta ta wakilci gunduma a gasar lardin Munster, sai kulob na ainihi, amma yaron ƙaramin ƙauye yana samun damar gwada kansa da manya ba tare da ya bar gidansu ba.

Sai dai ina so ku riƙe abu ɗaya game da abin da kulob yake nufi a nan. Sarsfields ta ci kofin Cork a tsakiyar Oktoban 2023, bayan 'yan kwanaki guguwar Babet ta kawo ambaliya garinsu Glanmire, ruwa ya malale filinsu ya lalata musu kayan aiki, filin ya riƙe ruwan da zai iya shiga gidajen maƙwabta. Da haka suka je Walsh Park a farkon Nuwamba, Ballygunner ta yi musu kaca-kaca. Ban ji wani a Glanmire ya ce kakar ta tashi a banza ba.

Baban Khalifa, Waterford:

Allah ya ƙara girma Alhaji. Wasan Sarsfields da ka ambata ranar 5 ga Nuwamba aka yi shi, mako takwas cif bayan wasan ƙarshe na gunduma. Duk shekara sai a ce wannan dogon zaman zai sa Ballygunner ta yi tsatsa, amma ta wuce Sarsfields, ta wuce Na Piarsaigh ta Limerick a gidanta, ta doke Clonlara ta Clare a Thurles ta ɗauki kofin Munster na uku a jere. Sai a watan Disamba St Thomas' ta tsayar da ita a wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa, bayan ƙarin lokaci, a bugun daga kai sai mai tsaron raga. A shekarar da ta gabata ma Ballyhale ce ta fitar da ita a wannan matakin. Kofin ƙasa ɗaya ta ci a cikin shekaru goman nan, na Fabrairun 2022, da ƙwallon da Harry Ruddle ya zura a daƙiƙar ƙarshe, wanda kuma shi ne na farko a babban rukuni ga kowane kulob na Waterford. Ina ganin da tana shan wuya a gida, da ta saba da wasan da ake rabuwa da maki ɗaya kafin ta haɗu da shi a Disamba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙungiyar gunduma. Rabon Waterford da kofin ƙasa na gundumomi tun 1959, ta kai wasan ƙarshe a 2008 da 2017 da 2020 ta dawo hannu rabbana, a 2023 kuwa tun watan Mayu aka fitar da ita a rukunin Munster da nasara ɗaya tak. Gundumar da take da kulob mafi ƙarfi a lardi amma ƙungiyarta ba ta fita rukuni ba, ai akwai abin dubawa a yadda sauran kulob 11 suke renon 'yan wasa.

Injiniya Nura, Kilkenny:

A nan na yarda da kai Baban Khalifa, amma ban yarda da maganin Alhaji ba, tare da girmamawa. Cork gunduma ce mai faɗi, tana da kulob-kulob barkatai da ba za su taɓa shiga babban rukuni ba, shi ya sa haɗakar shiyya ta yi mata amfani. A Waterford waɗanda ya kamata su ƙalubalanci Ballygunner suna cikin babban rukunin tuni. Mount Sion tana da kofi 35, fiye da 22 da Ballygunner ta kai a 2023, tana da Austin Gleeson wanda aka zaɓa gwarzon ɗan harlin na ƙasa a 2016, amma rabonta da kofi tun 2006. De La Salle ta ci a 2008 da 2010 da 2012, har ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a 2009. Dukansu a cikin birni suke, ba ƙaura ce ta cinye su ba. Idan aka ƙirƙiro haɗaka don kawai a kayar da kulob ɗaya, an hukunta wanda ya yi aikinsa, an kuma ba waɗannan biyun uzurin da ba su cancanta ba.

Alhaji Garba, Cork:

Ban ce don a kayar da kowa ba, Injiniya. Don yaron ƙauyen da Maman Yusra ta ba mu labari na faɗa, domin idan ya girma ya zama gwani a ƙaramin rukuni, mai zaɓen 'yan wasan gunduma ba zai gan shi a gaban manya ba balle ya san ƙarfinsa.

Maman Yusra, Dungarvan:

Alhaji, na gode da ka tuna da yaron, kuma haɗakar za ta yi wa irinsa amfani. Amma idan abu ɗaya za a ba ni in gyara, kalanda zan taɓa. Na san dalilin da ya sa aka jera harlin a dunƙule, an yi ne don irin kulob-kulob ɗinmu masu wasa biyu, kada ɗan wasa ya riƙe sanda wannan makon ya ajiye ta mako mai zuwa. Sai dai wasa kowane mako ya fi yi wa mai yawan 'yan benci daɗi. Idan tsokar cinyar gwani ɗaya ta tsinke a makon farko, ƙaramin kulob ya gama kakarsa ke nan, domin kafin ya warke an riga an ba da kofi, Ballygunner kuwa sai ta waiwaya benci ta ɗauko wani. Ga watan Satumba da Oktoba, filaye ba su riga sun jiƙe sosai ba, sauran gundumomin Munster suna tsakiyar gasarsu, mu kuma babu harlin na manya ko ɗaya da za mu kai yara su kalla.

Abin da zan so wakilin kulob ɗinmu ya kai taron hukumar gunduma shi ne a mayar da rukuni biyu na kulob shida-shida, kowa ya sami wasa biyar kafin sili-ɗaya-ƙwale, a riƙa yin mako biyu na harlin sannan mako biyu na ƙwallon gargajiya, wasan ƙarshe ya koma tsakiyar Oktoba. Wataƙila Ballygunner ce za ta sake ɗauka, ban musa ba, amma ɗan shekara 19 a Lismore ko Tallow zai buga wasan gasa biyar a shekara maimakon uku. Baban Khalifa, kulob ɗin Khalifa ma yana da wakili a wannan taron, kuma iyayen da suka biya kuɗin rajista suna da bakin magana a taron shekara na kulob, don haka idan ka amince zan turo maka abin da na rubuta ka duba kafin lokacin.